Ku Tambayi Malam: Dutsen da ke bisa garin Mbale, ya mutu ne ko barci yake yi?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan dutse da wuta suka taru, da alama wani bidiyo ne ke yawo a wayoyin Zango. Na zaɓi huɗu. Ta wata Hajiya daga Aboabo ce za ta ci rabin fili, domin maganar ɗa ce da karatunsa.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali. Ɗana na fari ya samu gurbin karatu a Jami'ar Musulunci ta Yuganda, a wani gari wai shi Mbale. Mun yi murna, har mun fara haɗa kuɗin jirgi. Sai ga gwaggonsa ta zo da waya ta nuna mini wuta tana malalowa daga kan dutse tana cin gidajen mutane, ta ce ai garin da zai je ma a gindin irin wannan dutse yake. Shi kuma yaron ya ce dutsen nasu matacce ne. Malam, dutse yana da rai ne balle ya mutu? Tun ranar ban yi barcin kirki ba. In bar shi ya tafi?
Wata uwa, Aboabo, Kumasi.

AMSA: Hajiya, Allah ya sa albarka a karatun, ya kuma kwantar miki da hankali. Ki bar shi ya tafi. Yaron ya fi gwaggonsa gaskiya a wannan magana, amma kada ki faɗa mata haka kai tsaye, ita ma ƙauna ce ta kawo ta.

Dutsen da ake magana sunansa Elgon, mutanen Bagisu da ke gindinsa kuma suna ce masa Masaba. Yana zaune ne a kan iyakar Yuganda da Kenya, Mbale na yamma da shi, garin Kitale na Kenya na gabas. Ƙololuwarsa mafi tsawo, Wagagai, ta kai mita 4,321. Dutsen Afadja namu na yankin Volta, wanda 'yan makaranta ke hawa su dawo suna ɗingishi, bai kai mita 900 ba. Faɗin gindin Elgon kuwa ya kai wajen kilomita 80, shi ya sa in kana Mbale ba ka ganin wani dutse mai tsini irin na hoto. Abin da ke tsaye a bayan gari wani dogon bango ne kore mai suna Wanale, ruwa na zubowa daga goshinsa. Wani taron malamai ya taɓa kai ni can lokacin ina koyar da labarin ƙasa, kuma abin da ya fara damuna a garin sanyin asuba ne wajen alwala.

Gaskiya ne dutsen ya yi aman wuta, amma yaushe? Masana duwatsu sun ce ya fara ne kimanin shekara miliyan 24 da suka wuce, ya kuma yi na ƙarshe kimanin shekara miliyan 10 baya. Suna gane haka ne ta auna wasu sinadarai a cikin sandararren dutsen, waɗanda ke rikiɗewa a hankali bisa wani ƙayyadadden lokaci. A wurinsu duwatsun aman wuta iri uku ne. Akwai mai rai, wanda ke yi ko ya yi a cikin shekara 10,000 na baya-bayan nan. Akwai mai barci, wanda ya yi shiru amma narkakken dutse na nan a ƙarƙashinsa. Sai matacce, wanda hanyar da ke kawo masa wutar daga cikin ƙasa ta toshe ta sandare, ba sauran abin da zai amayar. Elgon a wannan aji na uku yake. Samansa ma ya daɗe da ruftawa. Kin san yadda ramin galamse, na masu haƙar zinariya, ke yi in an ƙwaƙule ƙarƙashinsa, saman ya burma ciki? Haka ya faru da shi bayan cikinsa ya zama fanko, ya bar wani ƙaton kwari a can ƙoli mai faɗin kusan kilomita 8, yanzu ciyawa ce da fadama a ciki. Akwai maɓuɓɓugan ruwan ɗumi a gefen kwarin, wajen da kogin Suam ya fasa ya fita, kuma wannan ba alamar farkawa ba ce, cikin ƙasa ko'ina da zafinsa.

Bidiyon da aka nuna miki, daga yadda kika kwatanta shi, ya yi kama da na Nyiragongo a Kwango, wanda ya malalo har bakin garin Goma ranar 22 ga Mayu 2021, bayan ɓarnar da ya yi wa garin a Janairun 2002. Wannan kam mai rai ne, tafkin narkakken dutse ma ya sha taruwa a bakinsa. Tsakaninsa da Mbale ya fi kilomita 600. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, ban ga laifinki ba.

To amma tunda kin tambaye ni, ba zan bar ki da rabin magana ba. Dutsen Elgon ɗin ma yana kashe mutane, sai dai da ruwa da laka yake yi. Tokar da ya amayar tun fil'azal ta rube ta zama ƙasa mai albarka ƙwarai, ja-ja, mai zurfi. Kofi irin na Arabika, ayaba, dankali, albasa, masara, duk abin da aka jefa sai ya yi. Tun 1954 manoman kofin Bugisu suke da ƙungiyarsu ta haɗin gwiwa. Albarkar nan ta tara jama'a, gona ta yi kaɗan, aka riƙa sare itatuwa ana hawa gangare ana noma har inda akuya ma sai ta yi tunani. Ruwan sama kuma yana da yawa a can. In ya jiƙa lakar nan ta ƙoshi, ba saiwar da za ta riƙe ta, sai gefen tudu gaba ɗaya ya zame. Ranar 1 ga Maris 2010 haka ta faru a Nametsi cikin gundumar Bududa, ƙasa ta binne ƙauye har da ɗakin shan magani, ɗaruruwan mutane suka rasu ko suka ɓace, aka kwashe waɗanda suka tsira zuwa Kiryandongo mai nisa. A Oktoban 2018 aka sake yi a Bududa ɗin, mutum fiye da 40 suka tafi. Shi kansa garin Mbale yana kan fili ne, zaftarewa ba ta isa can, amma a ƙarshen Yulin 2022 kogunan da ke saukowa daga dutsen, irin su Nabuyonga, sun cika sun shiga unguwanni cikin dare sun kashe mutum fiye da 20. Mu da muke zaune da rafin Aboabo ba sai an yi mana bayanin wannan ba. Saboda haka in zai kama ɗaki a wajen makaranta, ya tambayi mutanen gari inda ruwa ke kwanciya, kada arhar haya ta ja shi bakin kogi.

Abu na biyu, kogo. A ɓangaren Kenya akwai wani kogo mai suna Kitum, wanda giwaye ke shiga da daddare cikin duhu suna kankare bango da haurensu suna cin gishirin da ke jikin dutsen, domin ciyawar wurin ba ta da gishiri isasshe. Abin sha'awa ne, 'yan yawon buɗe ido na zuwa gani, ɗalibai ma sukan haɗa kuɗi su je. Amma kogon cike yake da jemagu, kuma a 1980 da 1987 an samu wasu Turawa biyu da suka shiga suka kamu da cutar Marburg suka mutu, na biyun yaro ne ɗan shekara 15. Ba baƙuwar cuta ba ce a kunnenmu, ita ce aka tabbatar a yankin Ashanti a Yulin 2022. Jemagun kogo ne ke ɗauke da ita, ba irin waɗannan da ke rataye a itatuwan gidan namun daji kusa da Kejetia ba, jinsinsu daban. Ki ce masa na ce ya hau dutse in yana so, ya je ya ga ruwan Sipi yana faɗowa, amma ya bar wa giwa kogonta.

Sauran shiri kuwa na uwa ne, kin fi ni sani. Rigar sanyi mai kauri, gidan sauro, katin allurar shawara domin za a nema a filin jirgi. Musulmi suna da yawa a Mbale, masallatai ko'ina, jami'ar ma tun 1988 take, ƙungiyar ƙasashen Musulmi ce ta kafa ta, kuma zai tarar da Hausawan Najeriya a cikin ɗalibai. Abinci ne zai ba shi wuya da farko: dafaffiyar ayaba da suke kira matoke, tuwon masara ba miyar kuka, da wani ƙyafaffen tohon gora mai suna malewa da Bagisu ke ji da shi, ana dafa shi da gyaɗa. Ni dai na ci don kunyar mai masauki. Ki cusa masa gari da shito da daddawa a jaka.

TAMBAYA: Baba Malam, a aji an ce mana dutsen Elgon na Kenya ne da Yuganda. Yaya ƙasa biyu za su mallaki dutse ɗaya? A ina ake sa shingen? Kuma mutanen da ke kai 'yan wace ƙasa ne?
Ɗalibar sakandare, Madina, Akara.

AMSA: 'Yata, babu shinge. Iyakar ta biyo ruwa ne. Daga kudu ta hau ta kogin Lwakhakha, ta ratsa kwarin da ke ƙolin dutsen, ta gangara arewa maso gabas ta kogin Suam. Wagagai ta faɗa Yuganda, Koitobos mai mita 4,222 ta faɗa Kenya. Kowace ƙasa ta yi gandun dajinta a nata ɓangaren, Kenya ta riga a 1968.

Turawan mulki suna son dutse da kogi wajen shata iyaka, domin ana ganinsu a taswira, ba sai an sa ƙafa a laka ba. Kafin 1902 dutsen gaba ɗaya a ƙarƙashin Yuganda yake. A shekarar ne Ingilishi suka yanke lardin gabas suka haɗa da yankin da ya zama Kenya, don layin dogon da suka shimfiɗa daga Mombasa zuwa Kisumu ya kasance a hannun gwamnati guda. Ba a tambayi kowa a kan dutsen ba. Bagisu suka tsinci kansu a Yuganda, 'yan'uwansu Bukusu a Kenya, alhali harshe kusan ɗaya, kuma duka biyun suna yin bikin kaciyar samari a shekarun da ke rabuwa biyu daidai. Haka Sebei na Yuganda da Sabaot na Kenya, jama'a ɗaya ce. Daga cikin Sebei ɗin nan na Kapchorwa ne Stephen Kiprotich ya fito, wanda ya ci zinare a gudun fanfalaki na wasannin Olamfik a Landan a 2012, da Joshua Cheptegei. Yaron da ya tashi yana zuwa makaranta da gudu a tudu mai mita 2,000, ina za ka kamo shi a fili?

Idi Amin ya tono maganar a 1976, ya ce yammacin Kenya nasu ne tun asali. Jomo Kenyatta ya mayar masa da martani mai zafi, maganar ta mutu. Abin dariya, a daidai waɗannan shekaru talakawan dutsen sun riga sun goge iyakar da ƙafafunsu. Sanyi ya ƙone gonakin kofin Burazil a 1975, farashi ya yi sama, gwamnatin Amin kuma ba ta biyan manomi abin kirki, sai buhunan kofi suka riƙa tsallaka kogi da daddare zuwa wata 'yar kasuwa mai suna Chepkube a ɓangaren Kenya. Ki tambayi kakanki labarin koko da iyakar Kwaddebuwa, zai gane zancen tun ban gama ba.

Kuma ba Elgon kaɗai ba ne. A kan mataccen dutsen Sabyinyo ƙasa uku ne suka haɗu, Yuganda da Ruwanda da Kwango. Kusa da gida kuma akwai duwatsun Mandara tsakanin Najeriya da Kamaru, inda a Rhumsiki za ki ga wasu ginshiƙan dutse tsaye cak a fili. Maƙogwaron tsofaffin duwatsun aman wuta ne, narkakken dutse ya sandare a ciki, ruwa da iska suka cinye jikin suka bar shi. Mutanen wurin a Kamaru ana ce musu Kapsiki, a Michika ta Adamawa Kamwe, kuma ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ce ta tabbatar da su a ƙasa biyu, kamar yadda ta 1956 ta bar Ewe rabi a nan rabi a Togo. In malaminku ya tambaya ko Afadja ma irinsu ne tunda yana kusa da iyaka, ki ce a'a, shi ƙasa ce ta naɗe ta tashi, bai taɓa aman komai ba.

TAMBAYA: Malam, ni direban trotro ne, nakan kai mutane tafkin Bosomtwe ranar hutu. Fasinja sun sha yi mini gardama, wasu na cewa bakin dutsen wuta ne da ya mutu ruwa ya cika, kuma wata rana zai fashe kamar na Kamaru. Me zan ce musu?
Direba, Asawase, Kumasi.

AMSA: Ɗan'uwa, ka ce musu daga sama abin ya zo, ba daga ƙasa ba. Ban zarge su ba, domin duk wanda ya tsaya a kan tudu kafin gangaren Abono ya ga ruwan nan zagaye da duwatsu kamar an zana, abin da zai fara zuwa ransa ke nan. Shekara da shekaru ina kai ɗalibai wurin, kuma kullum sai wani ya rantse mini da haka. Su ma masanan farko sun daɗe suna wannan gardama.

Wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin sama kimanin shekara miliyan 1 da 'yan kai da suka wuce, ya fasa ramin da faɗinsa ya kai kilomita 10.5, ruwan sama ya taru a ciki, zurfinsa ya kusa mita 80. Shaidar tana cikin duwatsun bakin tafkin: an samu ƙwayoyin da suka nuna alamar bugu mai tsananin da aman wuta ba ya iya yi, an kuma samu ɗigon narkakken dutse da ya zama gilashi ya fantsama har cikin Kwaddebuwa, shekarunsu ɗaya da ramin. A 2004 masana daga ƙasashe da dama sun kafa injin haƙa a kan ruwan suka ciro dutsen ƙarƙashi, ya ƙara tabbatar da haka.

Na Kamaru da suke nufi tafkin Nyos ne, kuma shi kam bakin dutsen wuta ne. Can ƙarƙashinsa akwai sauran zafi da ke tura iskar kabon cikin ruwa tana taruwa a ƙasa. Daren 21 ga Agusta 1986 ta ɓalle gaba ɗaya, ta bi kwari domin ta fi iskar shaƙa nauyi, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi wajen 3,500, galibi suna barci, har da Fulani makiyaya da shanunsu. Tun 2001 aka fara kafa bututu a tafkin yana fitar da iskar a hankali. Wannan ne misalin wurin da ake ɗauka ya mutu alhali bai gama ba. Bosomtwe ba shi da wannan wuta a ƙarƙashi. Tsofaffin bakin tafkin sukan ba da labarin lokutan da ruwan ke juyawa, wari ya tashi, kifi ya taso sama a galabaice, su ce tafki ya harba albarushi. Ruɓaɓɓen ganye da laka ne na can ƙasa ke tasowa in sanyi ya sa ruwan da ke saman tafkin ya nutse na ƙasa ya hau.

Abin da ya kamata ka gargaɗi fasinjanka a kai shi ne wanka. Tafkin yana zurfi da sauri, kuma samarin da ke zuwa ranar hutu da yawansu ba su iya iyo ba. Masuntan da suke gani a kan guntun katako suna tuƙi da hannu, a ruwan aka haife su.

TAMBAYA: Malam, ƙasa ta sha motsawa da mu a nan, kwanuka su yi ƙara. Maƙwabcina ya ce dutsen wuta ne ke ƙarƙashin tudun Weija yana shirin tashi. Haka ne?
Mai shago, Fadama, Akara.

AMSA: Alhaji, ba haka ba ne. Babu dutsen aman wuta mai rai ko mai barci a Gana, wanda aka fi sani a wannan yanki namu shi ne dutsen Kamaru da ke bisa garin Buea, wanda ya yi a 1999 da 2000. Abin da ke ƙarƙashin Weija da McCarthy Hill da Gbawe tsofaffin tsagogi ne a cikin dutsen ƙasa, ɗaya ya biyo tudun Akwapim, ɗaya ya bi gaɓar teku, suka haɗu a yammacin Akara. In gefe ɗaya ya ɗan zame, sai kwanukanka su amsa.

Amma kada wannan ya sa ka yi sakaci, maƙwabcin naka ya yi kuskuren suna ne kawai. Girgizar 1862 ta lalata fadar Osu, ta 22 ga Yuni 1939 kuma ta kashe mutum 17 lokacin da Akara ba ta wuce 'yan unguwanni ba, gidajen ma yawanci ƙasa-ƙasa ne. Yau dubi benayen da aka jera a kan tudun nan da cikin fadamar Densu. In kana gini, kada ka bari birkila ya rage maka rodi ko ya tsawaita siminti da yashi, kuma kada ka ɗora hawa na uku a kan harsashin da aka yi don hawa ɗaya. In ta motsa kana cikin shago, ka shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ka nisanci kantar kwalabe, in ta lafa ka fita fili.

Mai tambaya daga Tafo a kan dalilin da ya sa hazon bana ya makara, da malamar Nima mai son sanin inda kogin Volta ya faro, ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.